Yaƙi Sai Da Hujja: Yadda Ake Koya Wa Kwamfuta Siyasar Sarakunan Da

A cikin wasannin da ake yi a kwamfuta akwai wani rukuni wanda ba tsere ko harbi ake yi a cikinsa ba. Taswira ake shimfiɗa wa mai wasa a fuskar na'ura, a ba shi sarautar wata ƙasa ta zamanin da, sa'an nan a bar shi da hakimansa da baitulmalinsa da maƙwabtansa. Sauran sarakunan da ke kan taswirar kuwa kwamfuta ce ke juya su. Wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba zai ɗauka babban aikin masu ƙirƙirarsa shi ne zanen dawaki da barade da ganuwa. Alhali kuwa abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yadda za su hana sarkin da ya fi kowa ƙarfi haɗiye duniya tun wasa bai yi nisa ba.

Matsalar ta lissafi ce, kuma ɗan aji uku na sakandare zai iya bin sawunta. A ƙaddara wani sarki yana da gunduma 10, kowace tana ba shi mayaƙa 100, maƙwabcinsa kuma yana da gunduma 6. Ranar da suka kara, mai dakaru 1,000 zai rinjayi mai 600, ya ƙwace masa, alal misali, gunduma 2. Yanzu an koma 12 da 4 ke nan. Jiya rinjayen bai kai ninki biyu ba, yau ya zama ninki uku. Yaƙi na biyu zai fi na farko sauƙi, na uku kuma ba za a ma kira shi yaƙi ba. Nasara tana haifar da ƙarfi, ƙarfi kuma yana haifar da wata nasarar. Masana kimiyya sun daɗe da sanin wannan yanayi inda sakamakon abu ke komowa ya ƙara wa abin kansa ƙarfi. Shi ne ke faruwa idan aka kai makirufo kusa da lasifika: ƙaramin sauti ya shiga, ya fito da ƙarfi, ya sake shiga, har ya zama ƙara mai tsaga kunne.

Maganin irin wannan a wurin injiniyoyi shi ne a saka wa na'ura linzami, wato wani abu da ke ƙara ja da baya gwargwadon yadda gudu ke ƙaruwa. Dutsen guga na lantarki yana kashe kansa idan ya yi zafi ainun. A shekarar 1788 James Watt ya ɗaura wa injin tururi wasu ƙwallaye biyu masu juyawa, waɗanda ke rage shigar tururi da zarar injin ya soma wuce kima. Masu ƙirƙirar wasannin mulki ma linzami suka nema, sai suka same shi a cikin littattafan tarihi.

Abin da tarihi ya nuna

Sarakunan Turai na tsakiyar zamani, wato daga wajen ƙarni na 5 zuwa na 15, ba salihai ba ne, amma da wuya a sami wanda ya fita yaƙi bai faɗi dalili ba. Dalilin haka a fili yake. Sarki ba shi da rundunar soja mai albashi da zai umarta yadda ya so. Hakimansa ne ke kawo masa barade, kuma wajibin da ke kansu na ɗan lokaci ne, a wurare da yawa kwana 40 a shekara. Kafin hakimi ya bar gonakinsa da gidansa, tilas a gamsar da shi cewa akwai haƙƙi a cikin tafiyar. Malaman coci su ma suna da tasu maganar. Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya ƙayyade sharuɗɗa uku kafin yaƙi ya halatta: shugaba mai halaccin iko ne zai ƙaddamar da shi, a sami dalili na adalci, kuma niyya ta zama ta gyara. Ƙarnoni kafin shi, Muhammad ɗan Hasan al-Shaibani, almajirin Imam Abu Hanifa, wanda ya rasu a 805, ya rubuta littattafai a kan hukunce-hukuncen yaƙi da sulhu da amana da kariyar manzanni. Da Latinanci ana kiran dalilin yaƙi "casus belli", kuma da wannan suna ya shiga wasannin.

Shekarar 1066 ta isa misali. A watan Janairu Sarki Edward na Ingila ya mutu bai bar ɗa ba, manyan ƙasa suka naɗa Harold. Nan take mutum biyu suka ce gadon nasu ne. Wiliyam, mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa, ya ce marigayin ya yi masa alkawari, kuma shi Harold ɗin ya taɓa rantse masa. Sarkin Norwe, Harald Hardrada, ya kafa hujja da wata tsohuwar yarjejeniya ta magabacinsa. Harold ya kashe na Norwe a Stamford Bridge ran 25 ga Satumba, shi kuma ya faɗi a hannun dakarun Wiliyam a Hastings ran 14 ga Oktoba. Takobi ne ya raba gardama, amma ba wanda ya zare shi sai da ya fara karanta da'awarsa.

Mayar da hujja lamba

Kamfanin Paradox na birnin Stockholm a ƙasar Suwidin ya fitar da wasan Crusader Kings a 2004, na biyu a 2012, na uku a 2020, kuma a dukkansu ana iya soma wasa daga wannan shekara ta 1066. Ƙa'idarsa ta farko mai tsauri ce: komai yawan dakarun mai wasa, ba zai iya ƙaddamar da yaƙi ba sai yana riƙe da hujja. Ko dai ya gaji da'awa a kan ƙasar ta wajen uwa ko uba, ko ƙasar tana cikin iyakar sarautarsa bisa tsohuwar al'ada ko da yake wani ne ke riƙe da ita, ko kuma wani ɗan sarki da aka kora ya fake a fadarsa ya nemi a ƙwato masa gadonsa. Akwai kuma yaƙin addini, mai nasa sharuɗɗan.

Hikimar ba a wurin hana yaƙi kaɗai take ba. Kowace hujja tana ɗauke da iyakar abin da za a samu. Wanda ya fita a kan da'awar gunduma guda, ko ya mamaye masarautar abokin gaba kaf, gunduma gudan nan za a ba shi ranar sulhu, sauran ya mayar. A nan ne lissafin da aka fara da shi ya karye. Mai gunduma 10 ba zai wayi gari da 16 ba. Zai samu 11, sa'an nan a ɗaure shi da amana, wadda a wasa na biyu shekara 10 ce. In ya karya ta, martabarsa ta zube, sauran sarakuna kuma su juya masa baya.

Shi kansa yaƙin ana auna shi da wani ma'auni mai tafiya daga 100 ƙasa da sifiri zuwa 100 sama da shi. Cin nasara a fagen daga yana ƙara maki, haka ma cin birni bayan an yi masa ƙawanya. Idan mai kai hari ya daɗe bai kama wurin da ya fita dominsa ba, maki na zubewa sannu a hankali zuwa wajen mai tsaron gida. Kama sarkin abokan gaba kuwa yana cika ma'aunin nan take. Wannan ma tarihi ne: a yaƙin Poitiers na 1356 Ingilishi sun kama Sarki John na Biyu na Faransa, kuma a yarjejeniyar Brétigny ta 1360 aka yanka fansarsa tsabar zinariya miliyan 3, haɗe da yankuna masu faɗi. Idan ba wanda ya rinjayi wani, akwai ƙofa ta uku, wato kowa ya koma gida da abin da ya zo da shi.

To, idan sarki yana kwaɗayin ƙasar maƙwabci kuma ba shi da hujja fa? Wasan ya buɗe masa wata hanya mai ban dariya da ban takaici. Sai ya aiki wani babban bafade, waziri a wasa na biyu, limamin fada a na uku, ya je ya yi watanni ko shekaru yana tone-tone har ya "gano" takardar da ta nuna ƙasar ta kakanninsa ce. Ana biyan kuɗi mai yawa a kan wannan. In kyanwa za ta ci 'ya'yanta, in ji masu iya magana, sai ta ce sun yi kama da ɓera. Masu wasan ba ƙage suka yi wa zamanin ba. Takardar da aka ce Sarki Constantine ya rubuta yana miƙa wa Paparoma mulkin yammacin daular Rum ta yi ƙarnoni ana kafa hujja da ita, sai a 1440 Lorenzo Valla ya nuna cewa Latinancin cikinta ba na zamanin Constantine ba ne, jabu ce.

Abin da kwamfuta ke tunawa

Rabin na biyu na linzamin shi ne hulɗa tsakanin sarakuna. Kwamfuta ba ta san ƙauna ko ƙiyayya ba, saboda haka kowane mutum a cikin wasan yana riƙe da wata lamba game da kowane mutum, ita ma daga 100 ƙasa da sifiri zuwa 100 sama. Kyauta tana ɗaga ta, cin amana yana kayar da ita, bambancin addini ko ƙwace wa wani sarauta yana rage ta. Idan aka aika wa sarkin da kwamfuta ke juyawa neman aure ko ƙawance, sai na'ura ta tara abubuwan da ke jan sa ya yarda, ta ɗebe masu hana shi, in saura ya haura sifiri ya amsa. A nan aure ne babbar hanyar ƙawance, kamar yadda yake a gidajen sarautar Turai, kuma 'yar da aka aurar yau ɗanta zai iya dawowa bayan shekara 30 da da'awar gadon kakansa. Haka Edward na Uku na Ingila ya nemi sarautar Faransa ta wajen mahaifiyarsa Isabella, a rigimar da ta soma a 1337 ta kai 1453.

Wasan Europa Universalis na huɗu, wanda kamfanin ya fitar a 2013 kuma yake somawa daga shekarar 1444, ya ƙara wani ma'aunin. Duk lokacin da ƙasa ta ci yankin wani, maƙwabta suna rubuta mata makin tsoro, na kusa su fi na nesa rubutawa. Idan makin ya kai 50 a wurin ƙasashe da dama, sai su yi taron dangi a kanta. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Makin yana raguwa kaɗan-kaɗan kowace shekara, don haka mai wayo yakan ci, ya dakata, ya bari a manta. Wannan shi ne ƙwallayen Watt a cikin rigar siyasa.

Tambayar da ta rage ita ce, me zai sa sarki mai son kansa ya cika alkawari ko kaɗan? A 1980 Robert Axelrod na Jami'ar Michigan a Amurka ya gayyaci masana su aiko da shirye-shiryen kwamfuta da za su kara a wani wasan lissafi inda kowane ɓangare ke zaɓar riƙon amana ko yaudara, sau 200 a jere. Cikin 14 da aka aiko, mafi gajarta ne ya yi nasara, na Anatol Rapoport. Dabararsa ita ce ya fara da amana, daga nan ya yi wa abokin karawa daidai abin da ya yi masa a karon baya. Yaudara tana da riba idan haɗuwa guda ce, amma inda za a sake haɗuwa kuma ana tuna abin da ya wuce, tsadarta ta fi ribarta. Lambar nan da sarakunan wasa ke riƙe wa juna ba komai ba ce illa wannan tunawa.

An ga abin da rashin ta ke jawowa. Kamfanin TaleWorlds na Ankara a Turkiyya ya saki wasan Mount & Blade II: Bannerlord a 2020 tun bai kammala ba, cikakkensa ya fito a 2022. An yaba fagen dagarsa ƙwarai, amma a farkon fitowarsa masu wasa sun yi ta kukan cewa dauloli suna faɗa wa juna ba gaira ba dalili, guda kuma takan cinye saura cikin 'yan shekaru. Wasu daga cikinsu da suka iya rubuta shirin kwamfuta suka yi masa ƙari da kansu mai suna Diplomacy, suka saka ƙawance, da alkawarin rashin kai hari, da ma'aunin gajiyar yaƙi wanda ke hawa da yawan gawawwaki da garuruwan da aka ƙone har ya tilasta sulhu.

Malamin tarihi da ke son amfani da waɗannan wasanni a aji yana da abin lura. A wurin Aquinas da al-Shaibani hujja tambaya ce ta halal da haram. A cikin wasa kuwa ta zama tikiti da ake saye. Talakan da aka ƙone wa rumbu yakan bayyana ne kawai a matsayin raguwar haraji. Bugu da ƙari, tsarin an auna shi ne a jikin Turai, sa'an nan aka sa wa sauran duniya. Taswirar Crusader Kings na uku ta haɗa da ƙasar Hausa, kuma cikin sarakunan da wasan ke ba da shawarar a soma da su a shekarar 867 akwai Magajiya Daurama ta Daura, tare da Bayajidda. Masu wasan ne suka zaɓa wa labarin wannan shekara, suka kuma sa Daura a rukunin masarautun ƙabila, waɗanda aka sassauta wa ƙa'ida: Daurama ba ta buƙatar takardar gado kafin ta faɗa wa gundumar maƙwabci, makin martaba za ta biya.