Lodi Da Ɗauri: Kalmomin Da Ya Kamata Mai Kaya Ya Sani

Da kaka ta yi, tashoshin manyan motoci sukan cika maƙil. Masara daga Saminaka, dankalin Turawa daga Bokkos, citta daga Kachia, doya daga Zaki Biam, duk suna neman hanyar kasuwa. Yawancinmu mukan daidaita da direba a kan kuɗin mota, sai mu koma inuwa mu bar 'yan lodi da aikinsu. To, 'yan'uwa, kayan da ba a ɗaure da kyau ba ya sha cin dukiya da rayuka. Wanda ya san kalmomin aikin kuwa, shi ne zai san tambayar da zai yi.

Kalma ta farko ita ce webil, wato takardar da ke nuna mai aikawa, da mai karɓa, da irin kayan, da yawansa. In babu ita, ranar da buhu ya ɓace sai gardama.

Ta biyu ita ce nauyi. Akwai nauyin mota fanko, akwai na kaya, akwai kuma jimlarsu. Alal misali, buhun siminti kilo 50 ne, saboda haka buhu 600 tan 30 ke nan. Abin da ya wuce ƙarfin mota shi ne obalodi, kuma shi ke ƙona birki a gangare, ya fasa taya. Kaya mai nauyi a ƙasa yake zama, a raba shi daidai a kan ƙafafun mota, marar nauyi ya hau sama.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci, ita ce ɗauri. Wasu sukan ce kaya mai nauyi ba ya motsi. Ba haka ba ne. Dokokin Amurka da ƙa'idar Turai sun ce dole ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da rabin nauyinsa ta baya da ta gefe. Wato in direba ya taka birki da ƙarfi, kayan tan 10 zai iya tunkuɗo gaba kamar tan 8, ga direba da yaron mota zaune a wajen.

Hanyoyin riƙe kaya uku ne. Akwai tokarewa: a jingina kaya da bangon gaba, a cike kowane giɓi da katako ko tsohuwar taya, a sa weji a ƙarƙashin abin da ke mirginawa, kamar ganga. Akwai ɗauri ta sama: igiya ko bel ya danne kaya a kan daɓen mota har ya kasa zamewa. Akwai ɗauri kai tsaye: sarƙa daga jikin inji ko tarakta zuwa jikin mota. Tampol kuwa maganin ruwa da ƙura ne kawai. Har ila yau, dokar Amurka ta ce direba ya tsaya ya sāke duba ɗaurin kafin ya cika kilomita 80, domin girgiza takan sassauta igiya.

Jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, nasa halin dabam ne. Lokacin da ake haɗa taragu sukan yi karo da juna, kaya ya yi gaba ya yi baya, shi ya sa tokarewa ta fuska biyu ta zama tilas a cikin tarago.

Sai kwantena, akwatin ƙarfe mai tsawon ƙafa 20 ko 40. A 1956 wani Ba'amurke, Malcom McLean, ya fara ɗora guda 58 a jirgin ruwa. Kusurwoyinta na ƙasa guda huɗu suna da ramuka inda makullin tirela ko na tarago ke shiga, a murɗa shi ya kama. In ba a murɗa ba, ajiye ta kawai aka yi. A Janairun 2023 wata kwantena ta faɗo kan motar fasinja a gadar Ojuelegba a Legas, mutum 9 suka rasu.

Saboda haka, mai kaya, tsaya a wurin lodi. Karɓi webil ɗinka, tambayi nauyi, ja igiya da hannunka ka ji. Kada kuma ka yarda ɗanka ko kai kanka ku hau saman kaya don ragin kuɗin mota, gama in mota ta kife, na sama ne ke fara tafiya. Allah ya kiyaye hanya.