Cutar da ke daskarar da jini tana cin gaɓoɓi a ɓoye

Idan mace ta yi ɓari sau uku a jere, ko matashi ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, a gidajenmu abin da ake fara zargi shi ne iska ko sammu. Alhali wani lokaci matsalar tana cikin jini.

A 1983 wani likita a Landan, Graham Hughes, ya yi bayanin cutar da ake kira antifosfolifid. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta juya wa mai ita, sai jini ya riƙa daskarewa a cikin jijiyoyi. Wasu tana zo musu tare da cutar lupus, wasu kuma ita kaɗai.

Haɗarinta yana cikin abin da take bari a baya. Gudan jini a ƙafa yakan bar kumburi da gyambon da ba ya jin magani. In ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi na iya zama aiki har tsawon shekaru. A ƙwaƙwalwa yakan jawo shanyewar jiki da mantuwa. A ƙoda kuwa, ƙananan jijiyoyi ne ke toshewa a hankali, hawan jini ya biyo baya, wani ma sai an kai ga wankin ƙoda. Ƙofofin zuciya sukan yi kauri. Ga mai ciki, mabiyiya takan kasa ciyar da ɗan tayi, shi ya sa ake ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jijjiga.

Gwajin jini ne ke tabbatar da ita, kuma sai an maimaita bayan mako 12. Wanda jininsa ya taɓa daskarewa, galibi warfarin zai riƙa sha iya rayuwarsa, tare da awon jini a kai a kai. Mai ciki ana sauya mata zuwa allurar heparin da asfirin kaɗan, domin warfarin na cutar da ɗan tayi. Taba da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin suna ƙara haɗarin.

Wani bincike a Turai ya bibiyi marasa lafiya 1,000 tsawon shekara 10, ya tarar kusan 9 cikin 10 suna raye. Ke nan ana rayuwa da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne mutum ya ji sauƙi ya ajiye magani, don ƙodar da ta lalace ba ta dawowa. Allah Ya ƙara mana lafiya.