Yadda Na Koyi Gudu A Hutun Da Na Yi A Inugu Da Anacha Da Fatakwal

A watan Yuni na 2024, ana saura sati uku a ba mu dogon hutu, malamin wasanni ya tara ajinmu a fili, ya ce kowa ya kewaya sau huɗu, watau wajen mil guda ke nan. Ni kuwa da jin an busa usur sai na sheƙa kamar wanda kare ya biyo, har na ba kowa rata. Kafin in cika kewaye guda sai na ji ƙirjina ya ɗauki zafi, numfashi ya ƙi isa, wani abu yana suka na a haƙarƙari. A kewaye na biyu na zube gindin bishiya ina haki. Waɗanda na wuce ɗazu suka zo suka shige ni ɗaya ɗaya suna dariya.

Dariyar ba ta dame ni ba kamar maganar da malam ya yi mini bayan an tashi. Ya ce, "Ɗalibi, baɗi war haka za a ba ka yara arba'in ka fitar da su fili. In ka zauna a inuwa kana ba su umurni da baki, su ma zaman inuwar za su koya." Na kwana da wannan magana. Shekaruna ashirin da uku, ba ni da ciwon kome, amma tun da na bar makarantar mishan inda a ke sa mu motsa jiki kowace safiya, ban sāke yin gudun da ya wuce na tarar mota ba.

To, ga shi yanzu ina yin kilomita 5 ba tsayawa. Dalilin da ya sa na rubuta wannan shi ne, na san akwai irina da yawa a kwalejin nan, maza da mata, waɗanda suka gwada sau ɗaya suka sha wuya suka ce gudu ba nasu ba ne. Abin da na gane kuwa guda ne: mai farawa ya kan fāɗi ne don ya yi sauri da yawa, ya kuma yi da yawa, tun jikinsa bai shirya ba. Maganin abin shi ne ya yi ƙasa da abin da ya ga zai iya, ya haɗa da tafiya, ya huta, ya kuma dawo.

Bari in fara da dalili, gama malami ba ya son a ba shi doka ba dalili. Sa'ad da mutum ya ke gudu, naman ƙafafunsa yana bukatar iskar nan da a ke kira oksijin fiye da kullum. Huhu ne ke karɓo ta, jini ya ɗauka, zuciya ta tura. In ka fizga da ƙarfi, bukatar ta fi abin da zuciya za ta iya kaiwa, sai haki ya zo, ƙafa ta yi nauyi. Amma in ana yi kaɗan kaɗan, cikin 'yan makonni zuciya ta kan yi ƙarfi har ta riƙa tura jini mai yawa a bugu guda, ƙananan hanyoyin jini kuma su ƙaru cikin nama. Sai dai ƙashi da jijiyoyi, kamar agara da na gwiwa, ba su saurin ƙarfafa kamar zuciya, su sai an yi watanni. Shi ya sa mutum ya kan ji numfashinsa ya gyaru, ya ƙara nisa da sauri, sai ƙwauri ko gwiwa su kama ciwo. Har wa yau, ba a lokacin gudun jiki ke ginuwa ba, a lokacin hutun da ke biye ne. Wanda ya ƙi hutu kamar magini ne mai aza tubali a kan ɗanyen gini.

Tsarin da na bi wani Ba'amurke ne mai suna Josh Clark ya shirya shi a 1996, domin wanda bai taɓa gudu ba ya kai kilomita 5 cikin sati tara. Ana fita sau uku a sati, da ranar hutu a tsakani. A satin farko sai ka yi tafiya mai sauri ta minti 5 don jiki ya ɗumama, sa'an nan ka yi sassarfa minti 1, ka yi tafiya minti 1 da rabi, kana maimaitawa har minti 20. A sati na biyu sassarfar ta zama minti 1 da rabi, tafiyar minti 2. Haka a ke ta ƙara wannan ana rage wancan, har a sati na tara mutum ya yi minti 30 bai tsaya ba. Ni Talata da Alhamis da Asabar na zaɓa. Hutun nan kuwa garuruwa uku na raba shi, don kowane akwai dangi da ke jirana, kowane gari kuma da abin da ya koya mini.

A Inugu na fara, gama can aka haife ni, a Asata, ba nisa da kasuwar Ogbete. Abokai su kan yi mamaki in na ce ni ɗan Inugu ne, alhali Hausawa da Filani sun daɗe a garin. Ai magajin garin Inugu na farko ma, a 1956, Malam Umaru Altine ne, mutumin ƙasar Sakkwato. Sunan garin a bakin Ibo ma'anarsa bisa tudu, wanda ya taka shi da ƙafa kuwa ba zai yi gardama ba. Ran da na fara fita, minti gudan nan na sassarfa ya zo mini daidai wani hawa, na ji kamar ran nan a filin kwaleji. Daga nan na koyi cewa ba kunya ba ne mutum ya hau tudu da tafiya. In kuma za ka gangara, ka gajarta taku, kada ka saki jiki, don gangara ta fi hawa cin gwiwa.

A nan kuma na koyi awon sauri, wanda ba ya bukatar agogo. Ran Asabar da sassafe mutane su kan cika dandalin Okpara suna motsa jiki, manya da yara, har da masu furfura. Wani dattijo ya ga ina haki, ya jera da ni ya tambaye ni sunana da inda na ke karatu. Na kāsa ba shi amsa sai da na tsaya. Ya ce, "Yaro, in ba ka iya magana kana gudu, saurinka ya yi yawa." Tun daga ran nan na kan gwada kaina da haka. In zan iya faɗin jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba, to, daidai na ke. In ban iya ba, sai in rage, ko da mai tallan burodi zai wuce ni.

Ba zan ɓoye muku ba, a unguwa na sha ba'a. Innata ta ce, "Kai kuwa wa ya koro ka da asubar fari?" Masu shayi su kan ɗaga murya su ce, "Malam, a dawo lafiya, in ka kamo shi ka kawo mana!" Da na yi sati biyu ban fasa ba, sai ba'ar ta koma gaisuwa.

Bayan sati uku na tafi Anacha wurin kawuna mai sayar da albasa, wanda ke zaune wajen titin Bida. Anacha garin kasuwa ne a bakin Kwara, ga babbar gadar nan da aka gama a 1965 ta haɗa shi da Asaba, motoci ba su yankewa dare da rana. Ran farko na makara, na fita wajen ƙarfe bakwai da rabi da rigata ta zaman gida, waya a hannu, na bi ta wani layi inda 'yan kasuwa ke buɗe rumfuna. Sai na ga kowa yana waiwaye. Kafin in ankara wani ƙato ya cafke mini riga yana tambaya wayar wa na ɗauko. Allah ya taimake ni wani maƙwabcin kawu yana kusa, ya shaide ni, aka sake ni. Da na dawo kawu ya ce, "Ɗana, a garin nan mutum biyu ne ke gudu cikin kasuwa, ɓarawo da mai bin ɓarawo." Saboda haka ina gargaɗin kowa: ka sa kayan da za su nuna wasa ka ke yi, ka nisanci kasuwa da tasha, ka fita da gari ya soma wayewa kafin cunkoso, ka bi gefen da za ka riƙa ganin motar da ke zuwa, kada ka toshe kunnuwanka, in da hali kuma ku zama ku biyu.

A Anacha ne kuma ƙwaurina ya kama ciwo. Laifina ne, gama na ji daɗin numfashina, na tsallake ranar hutu sau biyu, ga kwalta, ga tsohon kambas wanda ƙasansa ya cinye. Ku lura, tsamin jiki dabam, ciwo dabam. Tsami ya kan zo bayan kwana ɗaya ko biyu, ya bazu cikin nama, ya tafi da kansa. Amma ciwon da ya tsaya wuri guda, yana ƙaruwa in ka taka, har ya sa ka ɗingishi, wannan cewa ya ke yi ka tsaya. Na huta kwana shida, na sayi takalmi mai taushin ƙasa na gwanjo, na koma baya da sati guda a tsarin. Wani zai ce ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun kilomita 42 a wasannin Olamfik na Rum a 1960. Gaskiya ne, amma shi ƙafarsa ta saba tun da daɗewa, ba kuma cikin kwalabe da ƙusoshin bakin kwata ya yi ba. Takalmi ba sai mai tsada ba, ya dai zama bai matse yatsu ba.

Daga nan sai Fatakwal, wurin yayata da ke aure a Diobu. Garin shimfiɗe ya ke, ba tudu, na ce na huta. Ashe da sauran aiki. Ruwan da a ke yi can a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu, iska kuwa kullum da laima. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe. A Arewa iska ta kan shanye shi nan da nan, amma a Fatakwal sai ya yi ta zuba yana jiƙa riga, zafi yana nan cikin jiki, zuciya tana ƙarin aiki. Gudun da na ke yi da sauƙi a Inugu sai ya gagare ni. Jiki ya kan ɗauki kamar sati biyu kafin ya saba da irin wannan, saboda haka na rage sauri, na riƙa fita tun rana ba ta ɗaga ba, ina kewaya wajen lambun Isaac Boro, da riga marar nauyi. Na kan sha ruwa kafin in fita da bayan na dawo. In fitsari ya yi ja, ruwa bai isa ba ke nan. Wanda ya ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ya tsaya ya nemi inuwa nan take. Yayyafi ba ya hana gudu, amma in ana tsawa, ko ruwa ya rufe hanya har ba a ganin kwata, a zauna gida.

Tsarin sati tara ne a takarda, ni sati goma sha biyu ya ɗauke ni, a nan kwaleji na ƙarasa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Kafin in fara na ƙirga bugun zuciyata da farkawa daga barci, na sami 84 a minti. Da na gama sai na sami 68. Barcina ya gyaru, gyangyaɗin da na ke yi a darasin bayan azahar ya ragu. Ran da malam ya sāke cewa a kewaya sau huɗu, ni ne na goma sha ɗaya, amma da ƙafata na gama, har na iya amsa gaisuwarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 na mai ƙarfi, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 kowace rana. Wannan yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Mu ne za a danƙa wa yaran nan. In mun fitar da su fili, kada mu ce su fara da tsere, kada mu yi wa na baya dariya, kada kuma mu mai da gudu horon mai laifi, gama yaron da aka hora da gudu ba zai so shi ba har ya girma.

Mai hawan jini, ko asma, ko sikila, ko wanda ya kan ji ciwon ƙirji in ya yi aiki, ya fara ganin likita tukuna. Lokacin azumi a rage, ko a bari sai bayan shan ruwa. Sauran jama'a kuwa, mu biyar ne yanzu mu ke haɗuwa a bakin fili Talata da Alhamis da Asabar, ƙarfe shida na safe. Wanda ya ke so ya zo, da minti guda za mu fara da shi, ba kuwa mai wuce shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.