Amya Ta Dawo Bakin Gari: Abin Da Sabon Mai Kiwon Zuma Ya Kamata Ya Koya A Ƙasar Gwashi

A ƙasar Gwashi ta Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, da maƙwabtanta na Anka da Gummi, kiwon zuma ba baƙon abu ba ne. Tun kaka da kakanni ake saƙa amya, a yaɓe ta da kashin shanu, a turara ta, a ɗora ta a reshen ɗorawa ko ƙirya can cikin daji, a bar wa Allah sauran. Idan lokacin ɗiba ya yi sai a je da dare da bakin wuta, a kwashe saƙar baki ɗaya, zuma da 'ya'ya. Ƙudan da yawa su ƙone, sauran su watse. Wannan bai dami kowa ba a da, domin dajin yana da faɗi, kafin shekara ta zagayo wani ayarin ya shiga amyar.

Yau dajin ya fi ƙarfin talaka. Rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu na nesa, balle itatuwan da ake rataye amya a kai. Wanda yake son zuma dole ya matso da amyarsa bakin gari, inda itatuwa suka yi ƙaranci, zafi ya fi tsanani, feshin maganin ƙwari kuma ya fi yawa. A irin wannan wuri, wanda ya ƙone ƙudansa bana ba shi da tabbacin samun wasu baɗi. Shi ya sa muke ganin sana'ar da a da ake gadonta da ido kawai, yanzu sai an zauna an koyar da ita, musamman ga matasa da ɗaliban da ke neman abin dogaro na halal wanda ba ya bukatar babban jari.

Darasi na farko malamanmu sun riga masana aikin gona sanin sa. A Suratun Nahli, aya ta 68 da 69, an ambaci mazaunin ƙudan zuma guda uku: duwatsu, itatuwa, da abin da mutane ke ɗaukakawa da hannunsu. Amya tana cikin na ukun. Abu Dawuda da Ibn Majah kuma sun ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe wasu halittu huɗu, ƙudan zuma na cikinsu. Akwai kuma hani sananne game da azabtarwa da wuta. Saboda haka ɗiban zuma da harshen wuta asara ce a aljihu, abin tambaya ne kuma a addini. Abin da ƙudan ke bukata hayaƙi ne mai sanyi, kaɗan-kaɗan, daga gwangwanin da aka haɗa wa ɗan zugazugi, a zuba masa busasshen kashin shanu ko totuwar masara. Hayaƙin yana sa su duƙufa kan shan zuma, yana kuma rufe warin da suke fitarwa don kiran 'yan'uwansu zuwa harbi. Maƙerin gwangwani na kasuwar Gummi zai iya ƙera shi idan ya ga samfuri sau ɗaya.

Aibin amyar gargajiya shi ne ba a ganin cikinta sai ranar da za a rusa ta. A shekarar 1851 wani Ba'amurke mai suna Langstroth ya lura cewa ƙudan zuma ba sa toshe wata 'yar tazara da suke bi tsakanin saƙa da saƙa, sai ya ƙera akwatin da ake zare kowace saƙa a duba a mayar. A farkon shekarun 1970 kuma masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada, tare da takwarorinsu na Kenya, suka fito da wani mai sauƙin kuɗi: akwati mai kama da kwami, an jera sanduna a bakinsa, faɗin kowace sanda santimita 3.2 daidai da ƙudan Afirka. Kowace sanda saƙa ɗaya take ɗauka. Kafinta a Anka ko Bukkuyum zai iya yin sa, muddin bai yi wasa da awon sandar ba, don idan ta yi faɗi ko ta ƙuntata ƙudan za su haɗe saƙar, a koma gidan jiya.

Samun akwati abu ne mai sauƙi. Karanta abin da ke cikinsa shi ne ilimin. Ana nuna wa sabon shiga yadda ƙwai suke tsaye a ƙasan rami, yadda lafiyayyar tsutsa take fara sol a naɗe, da yadda ramukan 'ya'yan da aka rufe suke haɗe wuri guda. Idan suka zama tsilli-tsilli, nan a rufe can babu komai, to uwar gidan ta tsufa ko cuta ta shigo. Iyayenmu kan ce mata sarkin zuma, alhali mace ce, ita kaɗai ke yin ƙwai, ma'aikatan ma duk mata ne. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya kwana 21 ne, don haka wanda ya buɗe akwatinsa bai ga ƙwai ba ya san bayan mako uku babu sabon jini. Dubawa sau ɗaya cikin mako biyu ko uku ta isa, da sanyin yamma. Ƙudanmu ba su jure yawan taɓawa, ƙaura suke yi.

Abokan gaba suna da yawa. Tururuwa da kwarkwasa ana tare su da sanya ƙafafun teburin akwati cikin gwangwanin baƙin mai, a kuma share ciyawar da za ta zame musu gada. Akwai asun da tsutsarsa ke cin kaki ta bar yana, akwai ƙaramin buzuzun da ke ruɓar da zuma, akwai dage. A Turai da Amurka babban bala'in shi ne wata 'yar kaska da ake kira baruwa, wadda ta iso Afirka ma, sai dai ƙudan nahiyarmu sun fi jure ta. Abin lura shi ne asu da buzuzu gidan da ya raunana suke ci. Raunin kuma daga yunwa da ƙishirwa yake farawa. Daga Maris zuwa Mayu ƙudan na ɗebo ruwa don sanyaya 'ya'yansu, waɗanda ke bukatar ɗumi kusan digiri 35, ba fiye ba. Kasko ɗaya na ruwa a inuwa, da 'yan tsakuwa ko karare da za su sauka a kai, yana hana su ƙaura, yana kuma hana su damun mata a bakin rijiya. A lokacin ɗiba kuma a ɗauki saƙar da aka rufe kawai, a bar musu ta 'ya'ya da wani kaso na zumar.

Feshi ya fi duk waɗannan kisa. Manomin wake ko auduga da ya fesa magani da hantsi, fure na buɗe, zai iya hallaka gidan zumar maƙwabcinsa a wuni ɗaya bai sani ba. Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari uku a fili tun 2018 saboda ƙudan zuma. Mu abin da ke hannunmu haƙƙin maƙwabtaka ne: a sanar da mai zuma kafin feshi, a kuma bari sai dab da magariba. Manomin ma ribarsa ce, domin ridi da kankana da kabewa sun fi yin 'ya'ya inda ƙudan ke kai-komo.

Akwai gargaɗin da ya keɓanci wannan yanki. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma. Ƙudan zuma na yin tafiyar kilomita biyu zuwa uku, suna kwasar ƙura a jikinsu, suna shan ruwan kududdufi. Kada a kafa akwati kusa da inda ake niƙa ko wanke dutse.

Wa zai koyar da wannan duka? Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya aikinta ke nan, isar da binciken noma ga manoma, ga kuma kwalejin aikin gona a Bakura da malaman gona na jiha. Amma baƙon da ya zo da horon kwana uku ya raba akwatuna ya tafi, sau da yawa akwatunan ne ke komawa ma'ajiyar hatsi. Makarantar da ke ɗorewa ita ce ta cikin gari: mutum biyar ko goma su ajiye akwati ɗaya na koyo, su haɗu bayan La'asar, da dattijon da ya san watan da gawo ko kaɗanya ke fure, da matashin da ya iya rubuta ranar dubawa da abin da aka gani. Kowannensu yana riƙe da rabin ilimin. Su kuma hakimai da limamai suna da abin koyi a ruwayar Abu Dawuda da Nasa'i, cewa Hilal na Banu Mut'an ya kawo wa Annabi (SAW) ushirin zumarsa, ya roƙi a keɓe masa wani kwari mai suna Salaba, aka keɓe masa. Hana sare ɗorawa da kaɗanya da magaryar bakin gari don gawayi irin wannan keɓewa ce.

Sauran magana ta masu saye ce. Zumar da aka ɗiba ba ta nuna ba ruwanta ya haura kashi 20 cikin 100, za ta yi kumfa ta yi tsami a kwalba. Wadda aka gauraya da narkakken sukari kuwa algus ce, hadisin tarin hatsin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa, wanda Muslim ya ruwaito, ya isa hukunci a kanta. Iyaye mata kuma su kiyaye: likitoci sun hana ba wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da lasa ce, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya kashewa, wadda kan shanye masa jiki. Tahnikin da ya zo a hadisai da dabino aka yi shi.

Game da zakka, Imam Abu Hanifa da Imam Ahmad sun wajabta ushiri a kan zuma. A mazhabar Imam Malik, wadda ake bi a ƙasarmu, da kuma sanannen zance na Imam Shafi'i, babu zakka a kan zumar kanta. Amma kuɗin da aka tara daga sayar da ita, idan suka kai nisabi shekara ta zagayo a kansu, zakkar dukiya ta hau su. Allah ne Mafi sani.