Kafin Ka Karɓi Makirufo

Taruka sun yawaita a Daura. Ga Sallar Gani a watan Maulidi, lokacin da ƙofar fadar Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar ke cika maƙil, ga tafsirin azumi, ga laccoci da bukukuwan yaye ɗalibai a Kwalejin Yusuf Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019. A kowane irin wannan taro akwai wani matashi zaune a gefe, wayoyi na kewaye da shi, wanda ba a tunawa da shi sai lasifika ta yi ƙara.

A da, sanƙira ne ke ɗaga murya ya isar da maganar manya ga jama'a, kuma ana girmama shi. Yau mai sauti ke riƙe da rabin wannan aiki, amma "kai yaro" ake ce masa. Wannan ba daidai ba ne.

Wanda zai yi jawabi ya iso da wuri, ya gaisa da mai sauti, ya tambayi sunansa, ya faɗa masa ko a tsaye zai yi magana ko zai riƙa zagayawa, ko akwai hotunan da za a haska a majigi. A gwada kwamfutar tun zauren babu kowa, domin sau da yawa bakin wayar majigin bai dace da nata ba.

Ƙarar nan mai huda kunne tana da dalili. Makirufo ne ke sake ɗaukar sautin da ke fita daga lasifika, na'ura ta ƙara masa ƙarfi, ya fita, ya sake dawowa, har ya zama ihu. Mafi yawan lokaci mai magana ne ya jawo ta: ya tsaya gaban lasifika, ko ya dunƙule kan makirufon da tafin hannu, ko ya sauke shi har ƙirji, dole mai sauti ya ƙara murya. Riƙe shi kusa da baki, tazarar yatsu uku zuwa huɗu, ya wadatar. Bubbuga shi da hura masa iska kuwa wahalar da kayan mutane ne. Sallama ta isa gwaji.

Sai batun wuta. Idan ta KEDCO ta ɗauke, tayar da janareta da sake kunna majigi na cin mintuna. Malamin da ya shirya zai ci gaba da muryarsa da takardarsa. Abin da ke min ciwo shi ne babban mutum ya juya ya yi wa mai sauti tsawa a bainar jama'a, alhali shi kansa bai tambaya ba ko an sayi man janareta da batirin makirufo, ko ma an biya yaron kuɗin aikinsa.