Yadda za ka gano abin da ke cinye datar kwamfutarka daga tagar umarni

A bara, datar wata guda da muka saya wa ɗakin kwamfuta na makarantar da nake koyarwa ta ƙare cikin kwana 9. Shugaban makaranta ya zargi ɗalibai da kallon fim, su kuma suka yi ta rantsuwa. Abin da ya raba gardama shi ne baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni a ciki, wadda ake kira Terminal a Linux, a Windows na Faransanci kuma Invite de commandes. Ga yadda ake amfani da ita.

Yawancin hirar da kwamfuta ke yi da wata a intanet tana bin ƙa'idar TCP, wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tsarinta a 1974 a Amurka. Kafin saƙo ya wuce, sai an yi sallama: kwamfutarka ta yi sallama, ta can ta amsa, taka ta tabbatar ta ji. Daga nan layi ya buɗe. Kowane layi yana da adireshin IP, wato gidan da ake nufi, da lambar ƙofa. Ƙofofin sun kama daga 0 zuwa 65535. Ƙofa 443 ta shafukan intanet masu tsaro ce, 80 ta marasa tsaro, 22 ta shiga kwamfuta daga nesa da SSH, 3389 kuma ta sarrafa Windows daga nesa.

Domin ganin layukan da ke buɗe a Linux, rubuta:

sudo ss -tnp

Harafin t yana nufin TCP, n ya nuna lambobi maimakon sunaye, p kuma ya faɗi manhajar da ta buɗe layin. A Windows sai ka rubuta:

netstat -ano

Za ka ga jeri mai tsawo, kada ya tsorata ka. Shafi ɗaya kawai yana iya buɗe layuka da dama. Abin lura shi ne halin da kowane layi yake ciki. ESTABLISHED, ko ESTAB, na nufin ana cikin hira. TIME_WAIT na nufin an yi ban kwana, ana ɗan jira kafin a share layin, a Linux daƙiƙa 60 ne. CLOSE_WAIT kuwa na nufin ɗaya ɓangaren ya tafi amma manhajarka ba ta rufe nata ba. Idan irinsa ya yi yawa, manhajar ce ke da matsala.

Wanda ya fi buƙatar sa ido shi ne LISTEN, ko LISTENING a Windows, wato ƙofar da ke jiran baƙo. A Linux ana ganin su da sudo ss -tlnp. Idan adireshin 127.0.0.1 ne, na cikin gida kaɗai ke iya shiga. Idan 0.0.0.0 ne, duk wanda ke kan wifi ɗaya da kai yana iya ƙwanƙwasawa, sai fa idan katangar tsaro ta tare shi. Mai shagon intanet ko ofishin tura kuɗi da ya ga 3389 a buɗe alhali ba shi ya buɗe ba, ya kamata ya bincika a ranar.

Domin sanin layin da ke shan data a Linux, ƙara harafin i, wato sudo ss -tnpi. Zai nuna yawan abin da kowane layi ya aika da wanda ya karɓa. Nan muka kama ɓarawonmu: wata manhajar ajiyar hotuna ce da aka saka a kwamfuta ɗaya aka manta da ita, tana ta loda bidiyon bikin makaranta dare da rana.

Idan ka gano mai laifi, duba lambarsa ta PID. A Windows tana layin ƙarshe na dama. A ce 4120 ce. Rubuta tasklist /FI "PID eq 4120" ka ga sunan manhajar, sannan taskkill /PID 4120 ka tsayar da ita. A Linux, kill 4120 ya isa. Da manhajar ta mutu, layukanta za su rufe. Amma ka bi a hankali. Kada ka tsayar da abin da ba ka san aikinsa ba, musamman svchost.exe na Windows. Idan kuma ta ƙofa 22 ka shigo daga nesa, tsayar da layin da kake kai daidai yake da sare reshen da kake zaune a kai. Kuma tsayarwa ba magani ba ce: manhajar za ta dawo idan an sake kunna kwamfuta, sai an cire ta ko an hana ta tashi da kanta.

A sani kuma cewa ba komai ne ke bi ta TCP ba. Bidiyon YouTube kan bi ta QUIC, wadda ke kan UDP, don haka sai ka rubuta sudo ss -unp kafin ka gan shi.

Shawarata ita ce ka duba jerin nan tun kwamfutarka tana lafiya, ka ɗauki hotonsa da wayarka. Ranar da data ta fara tsiyaya, kwatanta biyun zai nuna maka baƙon. Mu dai tun da muka cire manhajar nan, datar tana kai mu ƙarshen wata, shugaban makaranta kuma ya ba ɗaliban haƙuri a gaban taron safe.