Wa Ke Duba Ginin Da Marar Lafiya Yake Kwance?

'Yan'uwa, idan muka kai marar lafiya asibiti, tambayarmu ita ce ko akwai magani, ko ma'aikaci yana nan. Da wuya wani ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin. Alhali mai naƙuda, da jariri, da tsoho, da mai karaya ba su iya gudu idan wuta ta tashi ko bango ya zube.

A watan Mayu na 2022 gobara ta kama ɗakin jarirai a asibitin garin Tivaouane na ƙasar Senegal, jarirai 11 suka mutu. Hukumomi sun ce daga wayar lantarki wutar ta taso. Nan wajenmu ma wayar da aka jona da hannu tana nan, ga janareta da galan ɗin fetur a bakin ƙofa. Da hunturu kuma masu jinya sukan shigar da kaskon garwashi kusa da gidan sauro da katifar soso. Ƙofar baya ta kasance tana buɗuwa daga ciki, kada a jibge kaya a bayanta. A ajiye bokitin yashi, domin wutar fetur da ta lantarki ba a zuba musu ruwa.

Damina ma da nata. Mutanen Jega da ke bakin Gulbin Zamfara sun san halin ruwa, kuma ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi, ta rusa gidaje da gadoji. Amma ba sai an yi ambaliya gini yake lalacewa ba. Kwano ɗaya ya fara yoyo, katako ya jiƙe, gara ta shiga, jemagu su tare a silin, wata rana iskar farkon damina ta yaye rufin gaba ɗaya. Tsagewar bango da take ƙara faɗi alama ce ruwa yana cin gindin ginin. A duba masai kuma, kada ya yi kusa da rijiya.

A Aliero, inda aka shahara da ɗori, mutane daga nesa sukan kwanta makonni har ƙashi ya kama. Duk ɗakin da ake ajiye irin waɗannan, ko tsofaffin da muke jinya a gida, yana bukatar wannan dubawa, ko da ba a kiransa asibiti.

To, ina kuɗin gyara? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta ware kashi 15 cikin 100 na asusun domin gine-gine da gyaransu, da kayan aiki da sufuri. Ba kowane ɗakin shan magani ne yake samu ba. Manufar ita ce a samu cibiya ɗaya mai aiki sosai a kowace mazaɓa, kuma kwamitin raya mazaɓa yana da ta cewa a kan yadda za a kashe kuɗin.

Saboda haka, a Jega kuke, ko Aliero, ko Maiyama, ku nemi sanin wace cibiya ce ta mazaɓarku, da su wane ne 'yan kwamitin. Dattawa da zumuntar mata su zaɓi mutum biyu, ɗaya ya zama magini ko kafinta, su zaga ginin tare da shugaban cibiyar tun kafin ruwan farko. Abin da suka gani su rubuta, su miƙa wa kwamiti da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, su riƙe kwafi ɗaya.